Littafin Bakin Ƙofa

Bakwai saura kwata a Punta Cana,
rana ta faɗa teku kamar gwaiduwar ƙwai,
ni kuma ina inda nake tsayawa kullum,
littafi a gabana,
da murmushin da na goge tun asuba tare da riga.

Tebur ashirin da biyu gare mu.
Na ƙirga jiya, na ƙirga yau,
ba su haihu cikin dare ba.

Ga shi nan tafe, mai ɗaki na ɗari huɗu da shida,
rana ta gasa masa wuya ya yi ja kamar jatan lande,
mata a baya, yara uku da yashi a ƙafa,
da surukar da ba ta ce uffan ba.
"Mu shida ne. Kusa da ruwa."
Na ce, yallaɓai, da wane suna aka kama?
Ya ɗaga hannu, ya nuna shuɗin zaren roba
da aka ɗaura masa ranar isowa:
"Ga sunana nan. Na biya komai."

Komai.
Ya biya teku, ya biya inuwar kwakwa,
ya biya tawul da farin wata.
Kujera ce kawai, yallaɓai, ake kamawa tun da hantsi.
An rubuta a jikin lif, an rubuta a bayan ƙofarku,
da harsuna huɗu.

Ya daki katakona har furen kwalba ya girgiza.
Na bayansa suka samu bakin magana.
Wata mai faffaɗar malafa ta ce ga tebur can babu kowa,
da idonta ta gani!
Na wasu tsofaffi ne daga Quebec, madam,
tun Litinin suka sa suna,
kuma tsohon da sanda yake tafiya.
Ta ɗauke ni hoto. Ta tambayi sunana
alhali yana manne a ƙirjina: Yaneris.
Ta rubuta shi ba daidai ba.

Na san yunwa, ba ta iya sallama ba.
Amma wannan ba ita ba ce;
ƙarfe huɗu na gan shi bakin wurin ninƙaya
da faranti biyu.
Yunwa tana can bayan ƙofar kicin
inda Wilkin ke juya kifi tun tsakar rana,
bai sa komai a baki ba sai ruwa.

Manaja Don Eladio ya fito yana gyara wuyan riga,
ya rusuna, ya ba da haƙuri da kwalba kyauta,
ya sa aka jawo tebur daga ɗakin ajiya
aka dasa shi dab da ƙofar bayan gida.
Mutumin ya wuce ni yana hucin wanda ya ci yaƙi:
"Kin gani? Ashe akwai."
Surukar ce kaɗai ta dube ni,
ta taɓa min gwiwar hannu, ta bi su.

Sha ɗaya da rabi na rufe littafi,
ƙafafu sun kumbura cikin takalmin otal.
Motar ma'aikata mai zuwa Higüey tana ƙugi a get,
na iso da gudu, ta cika maƙil,
masu wanki, masu shara, makaɗa da kwalliyarsu a fuska.
Direba ya ce, "Kin makara, 'yar'uwa, sai tsayuwa."
Na buɗe baki.
Na rantse maganar ta zo har maƙogwaro,
da irin muryarsa, da irin hucinsa.
Na haɗiye ta da ƙyar, na kama ƙarfe.

Wilkin ya miƙo min soyayyiyar ayaba a takarda.
Muka ratsa gonakin rake cikin duhu,
wani a baya yana minshari,
littafin gobe kuwa tuni ya cika rabi.