Sawun Zayyanu

A bene na biyu, asibitin yara a Sheffield,
ruwa na ƙwanƙwasa taga tun asuba.
Aka ce ya cire takalmi, har da safa.
Ya miƙo mini su da ɗuminsu,
na rungume kamar ajiyar wani.

Wata goma ke nan da aka tsaga gefen dunduniya,
aka ƙara wa ƙashi tsawo,
aka ɗaure shi a filasta mako shida,
'yan ajinsu suka cika ta da zane.

Yau babu wuƙa, babu allura.
Wata baƙar shimfiɗa ce kawai a ƙasa.
Gwen, mai furfura da tabarau a wuya, ta ce,
"Yi tafiyarka ta kullum."
Wa ke iya tafiyarsa ta kullum ana kallonsa?
Sau uku yana takawa kamar sabon kurtu.
Sai ta tambaye shi wa ya ci ƙwallo jiya.
Baki ya buɗe, ƙafa ta manta,
ya wuce.

Mahaifina mai bin sawu ne a Gummi.
Ya kan tsuguna a kan rairayi ya ce,
wannan da kaya a kansa, wannan gurgu ne,
wannan bai so tafiyar ba.
Ga shi na'ura ta gaji sana'arsa,
ba ta ko tsuguna ba.

Ta jera hotuna biyu a allo.
Na bara: tafi guda shimfiɗe kamar gurasa,
cikin ƙafar jajawur,
nan ne kukan dare yake kwana, ashe.
Na yau: ja a dunduniya, rawaya a gindin yatsu,
kore ya bi ta gefe,
a tsakiya kuwa babu komai.
Ɗan gurbi, kamar an gutsuri ƙosai.

Wannan babu ɗin muka zo nema.

Ta hagu, in ji ta, har yanzu tana jin tsoro,
tana tura wa 'yar'uwarta nauyi.
Mu dawo bayan wata shida.
Na ce to.
Shi tambayarsa ɗaya: yaushe zai yi gudu?

Da dare ya fito daga wanka,
ya bar jiƙaƙƙen sawu har ƙofar ɗaki.
Na ɗauko tsumma,
sai na tsinci kaina a tsugune
ina karantawa, har ya bushe.