Ɓawon da Aka Share

Ni ne Ɗayyabu, mai lambu a bakin Ginzo.
Shekara talatin ina ban ruwa
da abin da Katsina ta wanke ta zubar.
Bana latas ya juya mini baya,
ganye ya koɗe, saiwa ta dunƙule
kamar hannun marowaci.

Barira 'yar ƙanena ta zo da kwalba,
ta ɗiba, ta ɗaga wa rana.
Ta ce, "Baffa, da jan ƙarfe a ruwan nan."
Na ce ai na san jan ƙarfe:
munduwar gyatumata,
da wayar da yara ke ƙonawa bayan gareji.
Ta ce shi ɗin ne, narkewa ya yi ya ɓuya,
ido bai ganinsa, tsumma bai tace shi.

Sai ga ta a kasuwa, rumfar Mama Ukamaka,
tana roƙon sharar jatan lande,
ɓawon da ko kaza sai ta yi shawara.
Ta wanke, ta jiƙa, ta dafa da soda,
ta shanya a kan kwano kwana uku,
ta daka har uwarta ta rantse
turmin nan ya gama ganin gero.

Ranar Laraba na bi ta makaranta
da hulata ta zuwa biki.
Ruwa shuɗi a gilashi.
Ta barbaɗa garin, cokali guda,
wani inji ya yi ta kaɗawa kamar mai dama fura.
Na yi gyangyaɗi. Na farka.
Shuɗin ya bar ruwa ya koma gari,
ya kwanta a ƙasa, shiru.

Ikon Allah.
Ƙwaron da bai san Ƙofar Durɓi ba,
ɗan teku, ni ko tekun ban taɓa gani ba,
ya mutu, an ci shi a miyar wasu,
rigarsa kuma ta zo nan tana kamun ɓarawo.

Na ce, "To wannan shuɗin fa, ina za ki kai shi?"
Ta daɗe tana goge tabarau.
"Nan nake tukuna, Baffa."

Na taho gida da kwalba ɗaya a aljihu.
Ginzo kuwa na nan yana ta wucewa,
bai san an fara yi masa shiri ba.
Na zuba wa kunya guda, ta kusa da rijiya,
na soka kara don kada in manta.