Jirgin Bube

Ban taɓa ganin teku ba.
Ruwan da na sani shi ne Rima,
wanda rani ke tsotsa har yaro ya ƙetare shi
wandonsa naɗe a gwiwa.
Amma wata bakwai ke nan, bayan la'asar,
nakan saya ƙofar shagona a Mabera,
in ture gadajen mutane da kujerun da ba a biya ba,
in zauna sassaƙar jirgin da ya ɗauki kakana.

Bube ya tafi Makka da ƙafa,
shekara huɗu, yana tsintar auduga a gonakin hanya don guzuri.
Bai cika zancen yunwa ba.
Abin da yake zana mana a ƙasa da bakin sanda
shi ne jirgin Sawakin:
baki dogo irin na zalɓe,
jigo ɗaya ya sunkuya gaba kamar mai ruku'u,
ƙyalle mai kusurwa uku cike da iska.
Kaji su bi ta kan zanen, ya kore su, ya sake.

Kamu arba'in ne tsawonsa, in ji shi.
Na ba kowane kamu faɗin yatsa guda.
Ƙirya na sa a ƙashin baya, don gara na jin tsoronta.
Haƙarƙari na maɗaci, goma sha takwas,
na dafa su a tukunyar Inno don su lanƙwasa
har ta ce tuwonta ya soma ɗaci.
Uku sun karye.
Na huɗu ya tsaga mini babban yatsa,
jinin na nan ƙarƙashin fenti, wajen hagu.

Modi mai gyaran rediyo ya leƙo:
"Wanga jirgi, kusu za ya tuƙa shi?"
Ban tanka ba, allura na bakina.
Ina ɗinka ƙyallen daga ragowar rawanin Bube,
igiyoyin kuwa zaren dukawa ne,
na murza su da kakin zuma a cinya.

Su talatin da ɗaya suka shiga.
Talatin suka sauka Jidda.
Ƙanensa Atto, zazzaɓi, dare na uku a Bahar Maliya.
Aka naɗe shi a tabarma, aka sallace shi a tsaye
jirgi na rangaji, sahu na karkacewa.
Duk sa'ad da labari ya kawo nan
ba kaji ke share zanen ba.
Bube ne, da tafin ƙafarsa.

Ran Asabar jikata Hajo ta ɗauke shi a ka
har gadar Kwalkwalawa.
Masu wankin babur suka tsaya kallo.
Na ɗaura masa zare, na ce bismillahi, na saka.
Ya yi jim,
ya kwanta a gefe kamar jakin da ya gaji.
Rawanin Bube ya sha ruwa.

Wata bakwai.
Na tsaya ruwa a idon sawu, ina jin dariyar yara a ƙeyata.

Hajo ta ce, "Kaka, ai ba kowa a ciki."

Sai na tuna abin da zane bai taɓa nunawa ba:
Balaraben jirgi yana tsawa,
ku zauna ƙasa, ku zauna ƙasa,
su kuma a takure can ciki, gwiwa da gwiwa,
nauyinsu ne ke tsayar da jigon.

Ta bi gaɓa tana tsintar tsakuwa,
tana ƙirgawa da ƙarfi yadda aka koya mata a aji biyu.
Talatin da ɗaya.
Muka matse ƙyallen, muka jera su a ciki.

Ya miƙe.
Wata 'yar iska ta taso daga gonakin albasa,
ƙyallen ya kumbura,
zaren ya fara gudu tsakanin yatsuna.

"Wanne ne Atto?" in ji ta.

Na duba. Jirgin ya yi nisa,
duk sun jiƙe, duk launinsu ɗaya.
Na ce mata riƙe nan,
kada ki ja tukuna.