Tunkiyar Eloy

Da rana ina shafa giris a igiyoyin ƙarfe
masu jan keken hawa zuwa kan tudun Valparaíso.
Injin ya girmi kakata,
sai ya yi tari uku kafin ya motsa.
Da dare, in jiragen ruwa sun gama kuka a tasha,
in wanke hannu da sabulu da lemun tsami,
in kunna kwamfuta,
in faɗa duniyar da komai nata bulo ne,
har rana ma kusurwa huɗu gare ta.

Mako uku na yi a kan ɗaki ɗaya.
Ƙofar ƙarfe ce, ba mariƙi.
Faifai biyu a ƙasa, taku tara tsakaninsu,
sai an danne su tare take buɗewa,
kai kuwa mai wasa jikinka ɗaya ne.

Na ɓoye amsar kamar yadda ake ɓoye wa yaro sukari:
makunni huɗu a bayan hotunan bango,
launin ulun silin ke faɗin wanda za a fara ja.
In ka dace, ruwa ya ɓalle,
ya turo amalanke, ya zaunar da shi a faifai na biyu.
A ƙarƙashin daɓe jar hoda na gudu kamar jijiya.
Na ja ta layi-layi har idona ya yi yaji,
sau goma sha ɗaya fistin yana ƙin bina,
shayina ya huce,
karnukan unguwa ma suka gaji da haushi kafin ni.

Ran Asabar Eloy ya zo,
ɗan ƙanena, shekara tara,
yatsu duk maiƙon soyayyen kifi.
Na ba shi kujera, na tsaya a bayansa,
na danne harshe da haƙori.

Bai kalli hotunan ba.
Silin kuwa, ko ɗaga kai.
Ya taka faifai, ya sauka, ya sake takawa,
sai ya juya ya fice tsakar gida,
inda na ajiye tunkiya don kada wurin ya yi tsirara.
Ya yanko alkama a 'yar gonar da na shuka don ado.
Ya nuna mata.
Ta biyo shi, tiƙis, tiƙis,
ta haye matakala,
ta tsaya cak a kan faifaina na biyu
tana kallon bango kamar mai jiran bas.

Ƙofa ta buɗe.
Ko minti ɗaya ba a cika ba.
Ya ce, "Gwaggo, shi ke nan?"

Da ya yi barci na koma.
Layin umarni ɗaya zai shafe ta,
na rubuta shi tsaf, yatsana na rawa a kan maɓalli.
Ita tana can tana kiwo,
ba ta san mako uku ta cinye ba.

Sai Doña Fresia ta faɗo mini a rai.
Shekara ashirin tana wuce kekenmu,
ta bi matakalar gefe da jakar albasa,
hawa ɗari da sittin da wani abu,
wata rana ma ta riga mu isa,
ta tsaya tana haki, tana yi mana dariya.
Ban taɓa tunanin rushe matakalar ba.

Na goge layin.
Amalanke na nan, ruwa na nan a ɗaure,
ko wani mai haƙuri zai zo daga wata ƙasa
ya ɗaga kai ya karanta ulu.

Amma a ɗaki na biyu na sa kaza.
Fara tas, a tsakiyar fili, ƙarƙashin fitila.
Ba ta buɗe komai.
Ba ta haɗe da komai.
Yau awa guda ke nan Eloy yana binta da hatsi,
ni kuwa ina kicin, ina yanka tumatir,
ban ce uffan ba.