Daga Nima Zuwa Sakkwato

Na shimfiɗa taswira bisa goshin mota.
Tanimu ya dangwala yatsa mai baƙin mai:
"Bakin teku. Aflawo, Lome, Kwatano, kwalta sumul,
sai dai kowace iyaka da bakinta, ba ta ƙoshi."

Ni lissafin taya nake, da kuɗin fetur.

Baba na kujerar baya tun asuba,
sanda tsakanin gwiwoyi, bai ce uffan ba
sai da muka gaji.
"Ta Kumasi na shigo, a motar shanu.
Akwai wata tsamiya gaba da Tamale
da na bar wa takalmina.
Teku ba ta san ni ba."

Tanimu ya naɗe taswirar.
Ramukan hanya kuwa,
ƙuguna ne zai ƙirga su.