Ni Ne Gugan

Shekara ashirin da biyu ina buga hatimi
a laburaren Agege, bayan layin dogo.
Na san littafin da gara ta cinye wa baya,
na san wanda aka ara tun mulkin soja
har yau bai gane hanyar gida ba.

Wata rana takarda ta zo daga ofis:
an biya mana kuɗin shiga rumbunan bincike.
Na ninke ta huɗu, na tura aljihun tebur
kusa da goro da tsohon rasit ɗin nefa.
Damina biyu kalmar sirri na kwance a nan,
mukullin gidan da ba mu san unguwarsa ba.

Ran Talata Misis Oyelaran ta iso,
ta sha gosulo tun daga Yaba, takalmi a jiƙe.
Ta tara mu, mu shida, gaban kwamfuta uku,
ɗaya ma sai an dafe mata waya take tashi.
Ta ce, "Baba Tanimu, matso."
Na ce idona ba ya son hasken gilashi.
Ta ce, "Ido ne, ko gaba ce ke faɗuwa?"
Nkechi ta ƙyalƙyale da dariya. Na ja kujera.

Hannun da ya saba da dukan hatimi
ya riƙe linzami kamar ɗanyen ƙwai.
Na rubuta doguwar tambaya, har da gaisuwa.
Ta ce, "Rumbu ba ya amsa sallama.
Ba shi kalma biyu, ka naɗe hannu.
In ya zubo dubu tara, kada ka firgita,
rage shekaru, ɗauki wanda masana suka tace,
kamar mai tankaɗe: tsaki gefe, gari gefe."

Nefa ta ɗauke.
Muka yi zugum, jirgin ƙasa na girgiza taga.
Sai ta ce, da Hausar da ta tsinto a Gusau
shekarar bautar ƙasa,
"Rijiya ta bayar…"
Ba ta ƙarasa ba. Ni na ƙarasa a zuci.

Ran Juma'a na tsaya ƙofar masallaci da takardun shela.
Iska ta kwashi rabi,
mai ƙosai ta yi ƙunshi da sauran.

Na koma bencin mai shayi da sanyin gwiwa.
Inuwa, dillalin tumatir a Mil Sha Biyu,
na kukan kwando arba'in da suka narke masa
tsakanin Ɗanja da Ibadan.
Na ce, "Zo gobe."
Ya ce, "Ni da laburare? Me na ci na asham?"
Na ce, "Zo da mai karatun gidanka."

Ya zo da Uwani, 'yar aji biyar, da biro a kallabi.
Kalma biyu: tumatir, sufuri.
Ta juya su Turanci, ni na danna.
Ga maƙala kan kwando da akwatin roba,
kan zafin mota, kan lokacin tsinka.
Tana karantawa tana fassarawa,
shi yana lissafi da yatsu, baki na motsi.
Bai ce na gode ba.
Ya gyara hula, ya ce, "To, albasa fa?"

Yanzu da safe kafin in share kanta
nakan tada kwamfutar nan mai son a dafe ta.
Ɗalibar jinya daga Oshodi na zuwa Laraba,
wani tela na neman tarihin adire,
jiya Nkechi da kanta ta ce in nuna mata tankaɗe.

Hatimina na nan, tawadarsa na bushewa.
Janareta har yau sai an roƙi mai.
Gugan na ɗiga, igiyar ma ta kwana biyu,
amma na ga Inuwa a bakin titi ɗazu
yana taya ɗan dako sauke akwatin roba,
ya ɗago hannu, ya ce, "Asabar muna tafe, mu uku."