Sakatar Jirgin Feshi

Murfin gilashin zamewa yake baya,
iskar la'asar ma tana buɗe shi.
Jiya Tanimu ya tarar tantabara
ta kwana kan kujerar matuƙi.

Na samo guntun rodi a Ƙofar Ƙaura
da sifirin ɗin birkin tsohon keke.
Tsinken tsintsiya ne ma'aunina.
Na sha magagari har yatsa ya fashe.

Ta farko ta cije, ta ƙi saki.
Na jefar. Wanda ke sama
dole ya iya fita da hannu ɗaya.

Ta uku ta ce ƙas.

Yanzu in ya ratsa gonakin Ajiwa
yara na nuna fikafikai,
ni kuwa hankalina na kan ƙarfen nan
da bai kai tsawon ɗan yatsa ba.